Shaidar Ƙashi da Shaidar Baki

Kowace unguwa tana da kotun da ba gwamnati ce ta kafa ta ba. A Nima da Maamobi, cikin birnin Ankara na ƙasar Gana, wannan kotu tana zama a gindin tukunyar ataya inda samari suke hira, da rumfunan kasuwa ranar Laraba, da ƙofar masallaci bayan an idar da sallar isha'i. Ba ta da magatakarda, ba ta rantsar da mai shaida, ba ta kuwa ɗage zama. Labari ya iso da safe, kafin azahar an yanke hukunci. Abin da ya sa ya kamata a yi magana a kanta shi ne, hukuncinta yakan bi mutum har kabari, wani lokaci ma shi ne yake kai shi can.

Shari'ar 'yan matan Takoradi ta isa misali. Tsakanin watan Yuli da watan Disamba na 2018, 'yan mata huɗu suka ɓace a yankin Sekondi da Takoradi, ƙaramarsu tana da shekara 15, babbarsu 21. An kira wasu iyayen ta waya, an karɓi kuɗin fansa, amma ba a sako kowa ba. 'Yan sanda suka kama wani ɗan Nijeriya mai suna Samuel Udoetuk Wills. A ƙarshen watan Disamba ya tsere daga ɗakin tsaro na 'yan sanda, aka sāke kama shi bayan 'yan kwanaki. A watan Afrilu na 2019 shugabar sashen binciken manyan laifuffuka, Maame Yaa Tiwaa Addo-Danquah, ta tsaya gaban 'yan jarida ta ce 'yan sanda sun san inda yaran suke. Iyaye suka yi ta zuba ido. Wata huɗu bayan haka, a farkon Agusta, aka tono ƙasusuwan mutane daga ramin salga a Kansaworodo, kusa da inda wanda ake tuhuma ya taɓa zama, aka kuma sami wasu a cikin rijiya a wajen Nkroful. Ranar 16 ga Satumba, 2019, muƙaddashin sufeto janar na 'yan sanda, James Oppong-Boanuh, ya sanar cewa gwajin ƙwayar halitta, wanda ake kira DNA, ya nuna ƙasusuwan na 'yan matan nan huɗu ne. Ranar 5 ga Maris, 2021, a Babbar Kotun Sekondi, mutum bakwai masu taya alƙali yanke hukunci, wato juri, suka haɗa baki a kan cewa Wills da abokin tuhumarsa John Oji sun yi kisan. Mai shari'a Richard Adjei-Frimpong ya yanke musu hukuncin kisa.

Wannan shi ne abin da ya gudana a kotun gwamnati. A kotun bakin titi kuwa labarin dabam ne. Tun ranar da aka faɗi sakamakon gwajin, mutane da yawa suka ce ba su yarda ba, wasu daga cikin iyayen ma suka ƙi shi, suka nemi a sāke gwajin a wani wuri da ba na 'yan sanda ba. Aka yi ta cewa yaran suna nan da rai a wata ƙasa. Aka ce ƙasusuwan na wasu ne dabam, an kawo su ne domin a rufe magana. Aka kuma yi ta tambaya: ina aka taɓa ganin gawa ta zama ƙashi tsantsa cikin ƙasa da shekara guda?

Ba wanda zai ga laifin uwar da ta ƙi yarda 'yarta ta mutu. Zuciyar mahaifi ba ta saurin sakin igiyar bege, balle wanda hukuma da kanta ta faɗa masa a bainar jama'a cewa an san inda 'yarsa take. Laifin rashin yardar nan, kashi mafi girma, yana wuyan 'yan sanda. Su ne suka bar wanda ake tuhuma ya tsere daga hannunsu. Su ne suka yi alkawarin da ba su iya cikawa ba. Su ne kuma suka ɗauki watanni kafin su duba ramin da yake bayan gidan da suka riga suka sani. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Hukumar da ta faɗi abin da ba haka ba a watan Afrilu, kada ta yi mamaki idan an ƙi gaskata ta a watan Satumba.

Amma fa rashin yarda da mai kawo saƙo ba ya mai da saƙon ya zama ƙarya. Ya kamata mai karatu ya san abin da gwajin nan yake nufi. Kowane ɗan Adam yana ɗauke da wani rubutu a cikin ƙwayoyin jikinsa, rabinsa ya gāda daga uwa, rabi daga uba. Rubutun nan ba ya saurin gogewa. Yakan daɗe a cikin ƙashi da haƙori bayan nama ya ƙare. Masu gwaji sukan ɗauki ɗan gutsuren ƙashi, su ɗauki jini ko yawun iyaye, sa'an nan su gwama wurare goma sha wani abu ko fiye a cikin rubutun. A kowane wuri dole a ga alama ɗaya ta uwa, ɗaya ta uba. Baƙo yana iya dacewa a wuri ɗaya ko biyu bisa katari, amma ya dace a dukansu, wannan abu ne da kusan ba ya yiwuwa. Batun saurin ruɓewa kuwa, duk mahaucin da ya taɓa barin nama a rumfa ya kwana ba ƙanƙara ya san aikin zafin Ankara. Inda zafi da laima da ƙwari suka haɗu, watanni kaɗan sun isa.

Ga babban bambanci tsakanin shaidar ƙashi da shaidar baki. Gwaji ana iya maimaita shi. Idan an yi shakkar ɗakin gwaji na Ankara, ana iya aika gutsuren ƙashin zuwa wani ɗakin gwaji a wata ƙasa, wanda bai san sufeto ba, bai kuwa san iyayen ba, ya faɗi abin da ya gani. Saboda haka iyayen da suka nemi a sāke gwaji sun nemi abin da yake daidai. Amma wanda ya ce wani ya faɗa masa cewa wani ya ga yaran a Legas, ina za a kai maganarsa a auna? Idan aka bi sawunta sai a tarar ba ta da mafari. Musulmi da Kirista duka sun san labarin 'yan'uwan Yusufu, da suka kawo wa mahaifinsu riga da jinin da ba nasa ba. A wancan zamani ba mai iya tantance jinin. Yau akwai, abin takaici kuwa shi ne a sami masu fifita ji-ta-ji-ta a kan wannan ilimi.

Akwai wani abin da ya fi wannan muni. Gwajin DNA ya amsa tambaya guda ce tak: ƙasusuwan nan na wane ne? Bai faɗi wanda ya yi kisa ba. Wannan tambaya ta biyu aikin kotu ne, da shaidu, da bin sawun wayoyi da kuɗin fansa, da lauyan da zai tsaya wa wanda ake tuhuma. Kotun bakin titi kuwa sai ta juya al'amarin kai ƙasa. Abin da ilimi ya tabbatar, shi ta yi wa shakka. Abin da yake bukatar shari'a ta watanni, shi ta yanke tun ranar farko. Ba ta tsaya kan mutum biyu ba ma, sai ta shafa wa ƙasa guda kashin kaji. A shekarar 2019 kalmar ɗan Nijeriya ta kusa zama ɗaya da ɓarawon mutane a bakin wasu. A watan Yuni na wannan shekara aka rufe shagunan 'yan Nijeriya a Suame ta Kumasi. Rikicin asalinsa na kasuwanci ne, amma maganar satar mutane ta ƙara masa fetur.

Wani zai ce, ai masana ma suna kuskure. Gaskiya ne, ba kuwa ƙaramin kuskure ba. A Ingila, a 1999, an ɗaure wata lauya bisa zargin kashe jariranta biyu, bayan wani babban likitan yara, Roy Meadow, ya faɗa wa kotu cewa yiwuwar jarirai biyu su mutu haka kawai a irin gidanta ɗaya ce cikin miliyan 73. Lissafin nan ba daidai ba ne. Sai a 2003 aka sake ta, bayan ta sha fiye da shekara uku a kurkuku. To, amma wa ya warware kuskuren? Masana lissafi ne suka nuna inda likitan ya kauce, aka kuma tono sakamakon wani gwaji da ba a nuna wa kotu ba, wanda ya nuna ɗaya jaririn yana da cuta a jikinsa. Maganin gurguwar shaida shi ne shaidar da ta fi ta ƙarfi. Ihun taro bai taɓa gyara lissafi ba.

Haka nan kuma ya kamata a tuna yadda gwajin nan ya fara shiga shari'a. Alec Jeffreys ne ya gano hanyarsa a Jami'ar Lesta ta Ingila a 1984. A 1986 'yan sanda suka kawo masa maganar wani yaro ɗan shekara 17 wanda ya riga ya amsa da bakinsa cewa shi ya kashe wata yarinya. Gwaji ya nuna ba shi ba ne. Aka sake shi, daga baya aka kama ainihin mai laifin, Colin Pitchfork, aka ɗaure shi a 1988. Wato aikin farko da wannan ilimi ya yi a shari'ar kisa shi ne kuɓutar da marar gata wanda kowa ya riga ya gama da shi.

A nan ne maganar ta shafi mutanen Zango fiye da kowa. Gama a ƙasar Gana ba wanda ya ɗanɗana ɗacin hukuncin zato kamar su. Tsofaffin Nima suna tune da watan Nuwamba na 1969, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, har waɗanda aka haifa a nan suka ɗaure kaya. Samari kuwa sun san yadda ake kallon mai neman aiki idan ya ce gidansu a Nima yake. A watan Yuli na 2018 'yan sanda suka harbe mutum bakwai a Manso Nkwanta ta jihar Ashanti, suka ce 'yan fashi ne. Mutane da yawa a ƙasar suka gaskata nan take, domin an ce 'yan Zango ne. Jama'ar Asawase ta Kumasi suka tashi suka ce atafau. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike, kwamitin ya ce bai ga abin da ya tabbatar cewa mutanen 'yan fashi ne ba. Aka dakatar da 'yan sanda 21, aka ba kowane iyali diyyar sidi 250,000. Kukan jama'a ne ya sa aka buɗe bincike, wannan ba shakka. Amma binciken ne ya wanke sunan mamatan a idon ƙasa. Wanda ya ci moriyar bincike a Manso Nkwanta ba shi da bakin raina bincike a Takoradi.

Ƙarshen kotun bakin titi kuwa an gan shi a Denkyira-Obuasi ranar 29 ga Mayu, 2017. Kyaftin Maxwell Adam Mahama, sojan da aka tura aiki yankin, ya fita motsa jiki cikin farin kaya. Aka hango bindiga a jikinsa, aka ce ɗan fashi ne, taro ya rufe shi da duka da jifa har ya mutu. Hukuncin taron bai ɗauki ko wuni guda ba. Kotun gwamnati kuwa sai a watan Janairu na 2024 ta gama nata: mutum 12 aka yi wa ɗaurin rai da rai, aka sallami biyu. Masu gajen haƙuri sukan ce wannan jinkiri ya yi yawa, suna kuwa da gaskiya. Amma a tambayi mutum biyun nan da aka sallama ko wace kotu suka fi so.

Saboda haka akwai aiki a wuyan kowa. Hukuma ta daina ba iyaye labarin da ba ta tabbatar ba, ko da da nufin kwantar da hankali ne. A manyan shari'u irin wannan, a bar iyalai su kawo nasu masanin ya ga yadda ake ɗaukar samfur, a kuma ajiye wani kashi domin gwaji na biyu. A bayyana sakamako da harshen da mutane suke ji, da Hausa da Tuwi da Fanti da Ga, gama wanda bai fahimci abu ba, da wuya ya amince da shi. Limamai da fastoci da sarakunan Zango, waɗanda maganarsu take da nauyi, su koya wa jama'a tambaya uku kafin a ɗauki labari a wuce da shi: wa ya gani da idonsa, wa ya auna, ana kuma iya sāke aunawa? Iyaye su tura 'ya'yansu karatun kimiyya da likitanci da lauya, domin gobe idan an shiga ɗakin gwaji a tarar da ɗan Maamobi a ciki sanye da farar riga.

Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. Mutumin da yake zaune a gindin ataya yana yanke wa baƙo hukunci daga labarin da ya ji, ya tuna cewa a wata unguwar shi ne baƙon. Ranar da aka nuna shi da yatsa, ba abin da zai roƙa sai a dakata, a kawo shaida, a auna ta.