RA'AYINMU: Cancanta ko Daɗewa a Ƙungiyar Kurket ta Ingila?

Masu sha'awar wasan kurket ba su daina gardama ba a kan abin da masu zaɓen 'yan wasan Ingila suka yi a watan Mayu na 2019, watau da suka ajiye David Willey suka ɗauki Jofra Archer don Gasar Cin Kofin Duniya ta wasannin yini guda. Willey ya yi wa ƙungiyar ɗawainiya tun 2015, shekarar da aka koro Ingila tun zagayen farko. Shi kuwa Archer, haifaffen Barbados, wasa uku kacal ya yi mata kafin nan.

Mu dai muna ganin masu zaɓen sun yi daidai, domin gasar duniya ba wurin biyan ladan daɗewa ba ce. Archer ya fitar da masu bugu 20, fiye da kowane ɗan wasan Ingila a gasar. A wasan ƙarshe da Niyu Zilan kuma, a filin Lord's ran 14 ga Yuli, da aka tashi kunnen doki 241 da 241, shi aka danƙa wa ƙwallo ya yi jifan raba gardama.

Amma fa akwai abin da bai kwanta mana ba. Ana saura 'yan watanni a fara gasar, hukumar kurket ta Ingila ta rage wa'adin zama a ƙasar daga shekara 7 zuwa 3, sai ga Archer ya cancanta. Ko ba dominsa aka yi ba, lalle rigar ta yi kama da wadda aka ɗinka daidai wuyansa. Ƙungiyar tsibiran Karebiyan, wadda ya yi wa wasa yana matashi, ita ce ta tashi a tutar babu.