Kafin ka haƙa rami a ƙarƙashin ɗakinka



Ranar wata Asabar wani dattijo ya shigo shagona a nan Kafanchan yana ɗingishi, wandonsa duk jar ƙasa. Ya ce, "Madam, a ba ni diclofenac mai ƙarfi, jikina duk ya mutu." Na ce, "Baba, me ya same ka?" Ashe shi da 'ya'yansa biyu ne suke haƙa ƙarƙashin ɗakin ajiyarsa, suna son yin ɗakin ƙasa inda zai ɓoye buhunan citta. Tun annobar da ta cinye gonakin citta a Kachia, Jaba da Kagarko a 2023 citta ta yi tsada, ɓarayi kuma suka sa mata ido. Ɗansa ya ga bidiyon irin wannan aiki a YouTube. Suna cikin haƙa gefen ramin ya zabtare, ƙasa ta danne masa ƙafa har gwiwa kusan awa biyu kafin a zaro shi.

Ban ba shi maganin ba, asibiti na tura shi. Idan nauyi ya danne tsoka na tsawon lokaci, tsokar kan saki wasu sinadarai cikin jini waɗanda ke toshe ƙoda. Diclofenac da ibuprofen kuwa suna rage jinin da ke zuwa ƙoda, sai a taru a yi mata biyu. Alamar da za a lura da ita ita ce fitsari ya koma kalar shayi, ko ya ragu sosai. Duk wanda ƙasa ta danne, ko da ya tashi da ƙafarsa, a kai shi asibiti a ranar. Ga kuma tetanus, ciwon da ke sarƙe haƙora, wanda ƙwayarsa ke zaune cikin ƙasa. A wanke rauni da sabulu da ruwa mai yawa, kuma idan an wuce shekara 5 da allurar riga-kafi ta ƙarshe, a sake.

A Amurka sanyi na daskarar da ƙasa, dole a zurfafa harsashin gini, shi ya sa ɗakin ƙasa ya zama ruwan dare a can. Gidajenmu kuwa fandishonsu bai cika wuce mita ɗaya ba. Da zarar ka haƙa kusa da shi ka wuce zurfinsa, ka cire abin da bango yake zaune a kai. Ƙasa mai faɗin mita ɗaya, tsawon mita ɗaya, zurfin mita ɗaya tana kai nauyin tan ɗaya da rabi, wato buhun siminti 30. Ko a Amurkar, doka ta ce ramin aiki da ya kai ƙafa 5 sai an tokare gefensa. Ruwan samanmu kuma ya fi na Kano da Katsina yawa, daga Afrilu har Oktoba. Ƙasar da ka gani kamar dutse a watan Janairu, a Agusta taɓo ce.

Sai maganar iska. Mutane kan saukar da janareto ko injin jan ruwa mai amfani da fetur cikin rami, alhali hayaƙinsa na ɗauke da iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da wari ko launi, tana kuma kisa cikin mintuna. Idan wani ya faɗi a rami, kada a yi tsalle a bi shi. Sau da yawa mai ceto ne gawa ta biyu. A nemi igiya da jama'a tukuna.

Ko aikin ya kammala lafiya, da sauran rina a kaba. Ɗakin ƙasa na tara laima, laima na haifar da fumfuna, fumfuna na tayar da asma. A jikin citta, masara da gyaɗa kuma tana iya samar da gubar afalatoksin mai jawo kansar hanta. Ga kuma iskar radon da ke fitowa daga ƙasa, musamman mai duwatsu irin na Kagoro, tana taruwa a wurin da ba iska. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin manyan musabbaban kansar huhu bayan taba.

Shawarata, mai son ɗakin ƙasa ya nemi injiniya ya duba fandisho, ya kuma nemi izinin KASUPDA. Mai son ajiyar citta ya busar da ita sosai, ya jera buhuna a kan katako a ɗaki mai taga da ƙofar ƙarfe. Mai haƙa masai ko sokawe ya nisanta shi da bangon ɗaki, ya bar mita 30 tsakaninsa da rijiya, ya rufe bakinsa da dare saboda yara.

Dattijon ya kwana uku a asibiti ana ƙara masa ruwa, ƙodarsa ta tsira. Ya cike ramin, ya sayi kwaɗo biyu.