Mai Lupus Da Ta Kasa Tashi Daga Tabarma: Kada Ku Ce Son Jiki Ne

Idan a gidanku akwai mai fama da cutar lupus, wataƙila kun lura da ranar da ta fara dafa bango kafin ta miƙe daga tabarma, ko ta kasa ɗaga hannu ta ɗaura ɗankwali. Abin da ya fi saurin fitowa daga bakin dangi shi ne gajiya ce, ko kuwa son jiki. A ganina wannan hukunci yana da haɗari, domin yakan jinkirta zuwa asibiti a daidai lokacin da tsoka take lalacewa.

Lupus cuta ce da garkuwar jiki ke juyowa ta auka wa jikin da ya kamata ta kare: fata, gaɓoɓi, ƙoda, jini, wani lokaci har da tsoka. Kusan 9 cikin 10 na masu ita mata ne, galibi a shekarun haihuwa. Ciwon jiki ruwan dare ne a gare su, amma kumburin tsoka na ainihi kaɗan ne ke samunsa, kuma babbar alamarsa ita ce rashin ƙarfi. Yakan kama cinyoyi, ƙugu, kafaɗu da wuya, dama da hagu tare, yana ƙaruwa a hankali cikin makonni ko watanni. Mai shi tana iya riƙe cokali daram, amma hawa matakala ko shanya wanki a igiya ya gagare ta. Wata ma ba ta jin zafin kirki, shi ya sa ake ƙin yarda da ita.

Ga dalilin da ya sa nake roƙonku kada ku yanke hukunci a gida. Irin wannan rauni yana iya fitowa daga cutar, yana kuma iya fitowa daga magani. Prednisolone, wanda shi ne kan gaba wajen kwantar da kumburin, yana raunana tsokar cinya idan an daɗe ana shan mai yawa. Magungunan rage kitse a jini ma sukan taɓa tsoka. Idan cutar ce, likita na iya ƙara magani. Idan maganin ne, sai ya rage shi sannu a hankali. Hanya biyu ce masu hannun riga, kuma gwaji ne ke raba gardama: awon sinadarin CK a jini, wanda yakan hau idan tsoka na kumbura, sai awon aikin tsoka da na'ura, hoton MRI, ko ɗebo ɗan tsokar a duba.

Saboda haka kada mai jinya ta daina prednisolone farat ɗaya, domin hakan na iya jefa ta cikin mummunan hali. Kada kuma a ruga kemis a sayo diclofenac ko ibuprofen ba da sanin likita ba. Ba sa dawo da ƙarfi, kuma suna iya cutar da ƙodar da lupus ta riga ta taɓa. Mai ciki ko mai niyyar ɗaukarsa ta faɗa wa likita tun da wuri, domin methotrexate da mycophenolate suna cutar da ɗan tayi.

Alamu uku ba sa jiran ranar ganin likita: shaƙewa ko wahalar haɗiye abinci, ƙarancin numfashi, da fitsari mai duhu kamar baƙin shayi. Ku kai ta asibiti a ranar.

Wani zai ce gwaje-gwajen nan da tsada, kuma gaskiya ne. Amma tsokar da ta daɗe tana kumbura takan shanye, kuma dawo da ita ya fi wuya da tsada. Idan an gano da wuri, aka haɗa magani da motsa jikin da ma'aikatan sashen gashin ƙashi suka tsara, da yawa sukan sami ƙarfinsu ya dawo.

Ku rubuta ranar da raunin ya fara, da ayyukan da suka fara gagarar ta, ku tafi da kwalayen duk magungunan da take sha, har da na gargajiya. Kafin wannan duka, idan ta ce ta kasa, ku yarda da ita.