Ki Tsince Littafi Kamar Yadda Kike Tsince Shinkafa

Yau maganata a kan littafin da za mu karanta ne a dogon hutu. Daga ƙarshen watan Yuli zuwa cikin Satumba makarantu suna rufe, damina ta kankama, ruwa yakan tsare mutum a ɗaki wuni guda, 'yan makarantar kwana sun dawo gida, uwargida ita ma ta huta da sammakon shirya yara. To a wannan lokacin ne littafi yake yawo gida-gida, wannan ta ara wa waccan, waccan ta miƙa ta katanga, yanzu kuma har cikin wayar hannu ake turo shi. Ni dai ba na cikin masu cewa a daina karatu. Abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yadda muke karɓar duk abin da aka miƙo mana ba tare da mun duba ba.

Don Allah 'yar uwa ki duba halinmu a kasuwa. Mace za ta tsaya gaban mai tumatir ta juya wannan ta matsa wancan, ta ture ruɓaɓɓe gefe. In atamfa ce sai ta shafa ta, ta tambaya ko tana zuba, ta yi ciniki har mai kanti ya gaji. Shinkafa kuwa ba ta shiga tukunya sai an zuba ta a faranti an tsince tsakuwa. Amma idan aka zo kan littafi, abin da zai shiga ƙwaƙwalwa ya zauna shekara da shekaru, sai ki ga an kalli hoton bango kawai, ko an ji wata ƙawa ta ce "wallahi akwai daɗi", shi ke nan an ɗauka. Haba! Wato cikinmu ya fi hankalinmu daraja ke nan?

Kafin in ci gaba, bari in tanka wa masu cewa maganin abin a ƙwace littattafan a cinna musu wuta. An gwada. A shekarar 2007 gwamnatin Kano ta ƙona tarin littattafan Hausa a bainar jama'a, da sunan gyaran tarbiyyar 'yan mata. Shin an daina rubutawa? An daina karantawa? Ko kusa. Abin da ya faru shi ne karatun ya koma ɓoye, kuma da wayar hannu ta yaɗu sai labaran suka shige cikinta, inda babu wuta da za ta iya kai musu. Yarinyar da aka hana ta karatu a tsakar gida za ta yi shi cikin bargo, kuma a can babu uwa babu yaya da za ta ce mata wannan mai kyau ne wannan shara ce. Wadda ta zubar da buhun shinkafa saboda tsakuwa, ita da 'ya'yanta ne za su kwana da yunwa.

Kuma masu wannan magana sun manta cewa karatun mata ba baƙon abu ba ne a ƙasar nan. Nana Asma'u, wadda aka haifa a 1793, ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa, ta kuma tura jajis ƙauyuka suna koyar da mata a tsarin 'yan taru. A zamaninmu Hafsat Abdulwaheed ta fito da So Aljannar Duniya a 1980, labarin wata 'yar Fulani da ta so wanda ba ɗan ƙabilarta ba. Balaraba Ramat Yakubu, wadda aka cire daga makaranta aka yi mata aure tana ƙarama, daga baya ta koma karatu da ƙoƙarin kanta, ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Na farkon labarin Rabi ne, matar da mijinta ya kora da tarin 'ya'ya saboda amarya, ta kama sayar da abinci ta riƙe gidanta. Har an fassara shi da Turanci an buga a Indiya a 2012. Na biyun labarin Abu ne, wadda aka raba da makaranta aka ba wa tsoho, ta gudu, ta nemi ilimi har ta zama ma'aikaciyar jinya. Ku gaya mini, wace uwa mai hankali ce za ta ƙona waɗannan?

Sai dai gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: a cikin shinkafar nan akwai tsakuwa, kuma da yawa. Akwai littafin da daga farkonsa har ƙarshensa yarinya ba ta da aikin yi sai kwalliya da kuka, tana zaune wani ɗan Alhaji zai faɗo da doguwar mota ya ɗauke ta zuwa gidan bene. Yarinya 'yar shekara 15 ta karanta irin wannan guda goma a hutu ɗaya, gobe malamin makaranta ko tela mai rufin asiri ya zo neman aurenta, sai ta yatsina fuska. Akwai wanda kowace kishiya a cikinsa mayya ce, kowace uwar miji azzaluma, kuma matsala ba ta warwarewa sai an je wurin boka. Amarya ta shiga gidan miji da wannan a ranta, tun kafin a yi mata komai ta ɗaura ɗamarar yaƙi. Akwai kuma na batsa tsagwaronta, waɗanda suka fi yawa a waya saboda can ba a ganin bango, ba a jin kunyar mai shago. Irin waɗannan kyan ɗan maciji ne da su, kuma su ne suka ja wa na kirki zagi.

To yaya za a yi tsintar? Kafin ki biya kuɗi ko ki karɓi aro, ki karanta shafi biyar na farko, ki leƙa tsakiya, sannan ki yi wa kanki tambaya uku. Ta farko: tauraruwar labarin tana da wani abu a hannunta ko a kanta, sana'a ko ilimi ko dabara, ko kuwa kyau kaɗai aka ba ta? Ta biyu: idan ta shiga tasku, da me take fita, da tunani da haƙuri da neman shawara, ko da layu da sa'ar da ta faɗo daga sama? Ta uku: za ki iya karanta shi da ƙarfi a gaban yayarki ko innarki ba tare da kin tsallake layi ba? Littafin da ya faɗi a tambaya biyu cikin ukun nan, ki mayar wa mai shi, ki ce kin gode. Ki kuma duba Hausar. Marubucin da bai damu ya raba ƙ da k ba, bai san inda ake ajiye aya ba, da wuya ya damu da abin da yake zuba miki a kai.

Shawarata a hutun nan ita ce littafi uku, a karanta su a tsanake, sun fi ashirin da aka haɗiye ba tauna. Ki ɗauki ɗaya cikin na magabata. Ga Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, dukansu sun fito ne daga gasar rubutu da aka yi a 1933 a Zariya. Shaihu Umar zai nuna miki zamanin bauta, da uwar da ta keta sahara tana neman ɗanta. Ga Magana Jari Ce, juzu'i uku, inda aku yake jan hankalin ɗan sarki da labarai don ya hana shi fita ya faɗa tarkon waziri. Wannan har yara za ki tara ki karanta musu idan ruwa ya hana su wasa. Na biyu ki ɗauki na soyayya ko na zaman aure, amma wanda ya ci jarrabawar nan ta sama. Marubuta mata na kirki ba su ƙare ba, tun 2016 ma sashen Hausa na BBC yake shirya musu gasar Hikayata. Na uku ya zama wanda zai ƙara miki wani sani, na tarihi ko na kiwon lafiya ko na sana'a.

Ke kuma uwargida mai 'ya budurwa, in kin ga littafi a hannunta kada ki fizge ki jefa a murhu. Ki ce ta ba ki aro, ki karanta, sannan da daddare kuna tsinkar zogale ki tambaye ta, ke da kece wance me za ki yi? A amsarta za ki ji abin da ke ranta wanda ba za ta taɓa faɗa miki kai tsaye ba. In ba ki iya karatun boko ba, ki sa ta karanta miki kina aiki, kunnenki ya yi tsintar. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yarinyar da ta koyi zaɓen littafi a gaban uwarta ta fara koyon zaɓen ƙawa da na miji.

Allah Ya sa mu yi hutu lafiya, Ya sa mu dace, amin.