Wanga Gida, Ina Ƙofatai?

Akwai wata cuta da ta kama mu masu gina shafukan intanet a Arewa, kuma ni ma na yi jinyarta, don haka ba zan yi mata kara ba. Sai mutum ya sauko da ƙirar shafin da aka yi wa wani kamfanin Amurka, ya liƙa Dagin Arewa a saman, ya sa hotunan mahaya dawakin Sallah guda biyar suna juyawa, ya ƙara bidiyon da ke kunna kansa, sannan ya buga ƙirji ya ce ya yi zane irin na Hausa. A kwamfutarsa ta ofis abin gwanin sha'awa. A hannun matar da ke Maradun, mai ƙaramar waya da datar naira ɗari biyu, farin allo ne kawai da ɗan da'ira yana ta zagaye har datar ta ƙare.

Shekarun baya wata ƙungiyar manoman shinkafa da ke noman rani da ruwan Bakolori ta ba ni aikin shafi. Abin da suke so bai taka kara ya karya ba: farashin buhu, ranar taro, da wurin da mai saye zai bar lambarsa. Ni kuwa, da digirina na kwamfuta yana yi mini kaikayi, na cika shafin da ado har na rasa inda zan sa farashin, na tura shi can ƙasa. Da na gama sai na kai wa wani dattijo a Bakura, marubucin Alƙur'ani da hannu wanda nake girmama zayyanarsa tun ina yaro, ina jiran yabo tunda daga aikinsa na kwaikwayi launukan. Ya riƙe wayar, ya jira ta buɗe, ya ja sama ya ja ƙasa, sannan ya miƙo mini ya ce, "Ɗana, wanga gida naka, ina ƙofatai?" Na ce, "Malam, ai ga ta nan ƙasa." Ya ce, "To baƙo ta katanga za shi shigo?"

A ranar ce na zauna na dubi aikinsa da idon mai sana'a, na ga abin da na shekara ashirin ina kallo ban gani ba. Baƙar tawada ta haruffa ce, ja ta wasula ce, ɗigon rawaya yana nuna hamza, kore yana nuna alifin da ake sadarwa. Ƙananan alamomi suna raba aya da aya, kumsa tana faɗa wa mai karatu ya cika ayoyi biyar, kuri kuma goma. Manyan zane-zanen gefen takarda suna tsayawa ne daidai kan sumuni, rubu'i, nusufi da izu, ta yadda almajiri zai gane inda yake cikin izu sittin kafin ya karanta kalma ɗaya. Da yake takardun ba a ɗinke suke ba, a ƙasan takarda akan rubuta kalmar farko ta mai bi mata, ko iska ta watsa su za a iya mayar da kowace mazauninta. Duk abin da muke koya a jami'a da sunan tsara hanyar mai amfani da shafi, ga shi nan a tafin hannun wannan dattijo, kuma babu launi ɗaya da ya sa don kawai ya burge.

Haka abin yake a sauran sana'o'inmu. Maginin gargajiya yakan tara zanensa a kewayen ƙofar zaure, baƙo daga nesa ya san ta inda zai yi sallama. Aikin aska takwas yana zaune ne a wuya da aljihun babbar riga, wuraren da hannu ya fi ja, zaren yana ƙawata su yana kuma ƙara musu ƙarfi. Muhammadu Durugu, Babban Gwani, da ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19, bakan gizon da ake zuwa kallo a ciki su ne ke ɗauke da rufin. Wanda ya ce yana son salon waɗannan gwanaye amma ya ɗauki zanen ya bar hikimar, ya sayi kube ne ya bar wuƙar a kasuwa.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne shafukan da ke taƙama da al'ada ba sa iya rubuta sunayenmu. Mai zane ya zaɓi salon haruffa na ƙasar waje saboda ya yi masa kyau, bai duba ko yana da ɓ, ɗ da ƙ ba, sai Ɗahiru ya ga ɗan akwati a farkon sunansa. Sa'adatu da Mu'azu su cika fom, shafin ya ce musu sunansu ba daidai ba ne saboda 'yar alamar da ke tsakiya. Haruffan nan masu lanƙwasa suna cikin rubutun boko tun shekarun 1930, zamanin da aka fara buga Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939, kuma suna cikin tsarin Unicode da kowace wayar zamani ke amfani da shi. Akwai salon haruffa na kyauta irin su Noto da Andika masu ɗauke da su, har ma da Alkalami da aka ƙera bisa rubutun ajamin Kano. Aikin minti goma ne. Rashin yinsa raini ne, ko da kuwa mai shafin bai nufa ba.

Na san abin da abokan sana'ata za su ce. Za su ce mai ba da aiki shi ke son walƙiya, idan shafi ya fito a sauƙaƙe sai ya ga kamar an cuce shi. Gaskiya ne, ni ma an taɓa rage mini kuɗi kan haka. Amma tela na ƙwarai yakan gaya wa mai riga cewa wannan yadin ba zai ɗauki wannan aikin ba. Ka buɗe masa shafin a kan wayar direbansa, a bakin kasuwar Mafara da tsakar rana, ya gani da idonsa. Gwamnatin Birtaniya ta buɗe shafinta na GOV.UK a 2012, baƙin rubutu kan farin fili kusan ba hoto, kuma a 2013 shi ya lashe kyautar zanen shekara ta gidan adana zane na Landan. Su da ke da intanet kamar ruwan famfo sun zaɓi sauƙi.

Za su kuma ce sabis yana gyaruwa, ga 5G ta shigo Najeriya tun 2022, nauyin shafi ya kusa zama tarihi. Mu 'yan Zamfara ba a yi mana wannan tatsuniyar. A watan Satumbar 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar nan saboda matsalar tsaro, muka yi makonni mutane na tafiya wasu jihohi don aika saƙo ɗaya. Ko yau, fita kaɗan daga gari sai sandunan sabis su koma ɗaya. Idan fom ɗin neman makaranta ko na tallafi ya ƙi buɗewa, ko ya goge duk abin da yarinya ta rubuta don sabis ya ɗauke na daƙiƙa biyar, abin da ya rage mata shi ne ta hau mota zuwa shagon intanet a Mafara. Kowa ya san abin da hawa hanya ke nufi a yankin nan. Hoton dawakin da ka sa don ado yana iya zama dalilin wannan tafiyar.

Don haka ga abin da nake kira gare shi, musamman ga ƙannenmu da ke karatun kwamfuta a Abdu Gusau da jami'ar jiha a Talata Mafara. Abin da mutum ya zo nema shi zai fara gani. Rubutu ya fara bayyana kafin hoto, hoton kuma a matse shi ya koma 'yan kilobayit. Madanni ya yi girman da babban yatsan manomi zai same shi. Launin rubutu ya rabu da na bango sosai yadda za a karanta a cikin rana; ƙa'idar duniya ta ce bambancin hasken ya kai 4.5 bisa 1, kuma akwai manhajojin kyauta da ke aunawa. Fom ya riƙe abin da aka rubuta ko sabis ya yanke, ya kuma faɗi kuskure da Hausar da ake ji. In za ka sa dagi, sa shi inda yake da aiki, kamar yadda malam ke sa alamar izu.

Shafin manoman nan na rushe shi na sake. Farashi a sama da manyan lambobi, ranar taro a ƙarƙashi, madanni ɗaya kore na barin lamba, siririn zane ja yana raba sashe da sashe. Na mayar wa Malam. Ya duba, ya karanta farashin buhu da ƙarfi, ya ce shinkafa ta yi tsada bana, ya miƙo mini wayata ya ci gaba da fiƙe alƙalaminsa.