Haraji da Jangali: Asalinsu da Soke Su a 1979

Haraji da jangali su ne kuɗin hukuma da talakan arewacin Najeriya ya fi sani shekara da shekaru. Haraji yana kan kowane namiji baligi, jangali kuwa yana kan shanu, ana biyansa gwargwadon kawunan da aka ƙirga a garke. Ba Turawa ne suka ƙago su ba. Sarakunan Haɓe sun karɓi kuɗin ƙasa da jangali, har Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo ya lissafa jangali a littafinsa Kitabul Farƙi cikin zaluncin da ya tuhumi sarakunan da shi. Bayan jihadin Shehu ma jangali bai gushe ba.

Da Turawa suka ci Kano da Sakkwato a 1903, sai suka tattara kuɗaɗe iri-iri da ake karɓa suka mayar da su tsari guda a dokar haraji ta 1906, daga bisani aka buɗe baitulmalin En'e. Sarki ya ɗora wa hakimi, hakimi ya ɗora wa dagaci, dagaci ya ɗora wa mai unguwa, shi kuma ya bi gida-gida. Babban canjin shi ne an wajabta biya da tsabar kuɗi. Manomin da a da yake noma gero da dawa don cika rumbu, yanzu tilas ya shuka gyaɗa ko auduga, musamman bayan da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911.

A nan ciwon yake. Lokacin karɓar haraji yakan zo ne da kaka, sa'ad da hatsi ya yi arha. Manomi ya sayar da amfaninsa a wulaƙance don ya fita kunyar dagaci, da damina kuma ya sake sayen hatsin nan da tsada ko ya ci bashi. Wanda ya kasa biya, a tsare shi a ƙofar fada, ko a shanya shi a rana, ko a kama akuyarsa. Takardar haraji ta zama abin da ake tambayar matafiyi a hanya. Samari suka riƙa fita cin rani don neman kuɗinta, Fulani kuwa suka riƙa kaɗa shanu zuwa wata ƙasar hakimi kafin masu ƙirga su iso. Sannan kason da ake yanka wa mai gona ɗaya bai cika nisa da na mai gonaki goma ba, kuma talaka ba shi da bakin tambayar inda kuɗin ya shiga.

Jam'iyyar NEPU, wadda aka kafa a Kano ranar 8 ga Agusta 1950, ta gina siyasarta a kan wannan koke. Magoya bayan jagoranta, Malam Aminu Kano, sun sha ɗauri da bulala a kotunan En'e, amma mulki bai zo hannunsu ba sai a zaɓen 1979, lokacin da magajiyar NEPU, wato PRP, ta ci jihohi biyu. Gwamnoninta, Muhammadu Abubakar Rimi a Kano da Abdulƙadir Balarabe Musa a Kaduna, sun soke haraji da jangali da hawansu mulki a watan Oktoba na shekarar. Wasu jihohin arewa suka bi sahu, don ba gwamnan da zai iya kare harajin da maƙwabcinsa ya yafe.

Masu suka sun ce sokewar ta bar ƙananan hukumomi ba kuɗin shiga, ta mayar da su 'yan jiran kason man fetur daga tarayya. Akwai ƙamshin gaskiya a nan, domin hukumar da ba ta dogara da aljihun jama'a ba takan daina jin tsoronsu. Sai dai harajin da aka soke bai taɓa ba talaka ikon tuhumar kowa ba, ballantana a ce ya yi asarar wannan iko.

Karɓar kuɗi daga talaka kuwa ba ta tsaya ba, salo ta sauya. Harajin kayan masarufi na VAT ya fara aiki a 1994 a kan kashi 5 cikin ɗari, aka ɗaga shi zuwa kashi 7.5 a 2020, kuma mai ƙaramin ƙarfi ya fi jin nauyinsa tun da duk abin da ya samu a sayayya yake ƙarewa. Ga kuɗin rumfar kasuwa, ga shingayen karɓar kuɗi a kan motocin hatsi da na shanu masu zuwa kudu. A sassan Zamfara, Katsina da Sakkwato kuma, 'yan bindiga ne ke yanka wa ƙauyuka kuɗi kafin a shiga gona, su sake yanka wani kafin girbi, mutanen gari su yi karo-karo gida-gida su kai musu daji.