Araha Ba Ta Ado: Yadda Furen Roba Ya Kori Faifai Daga Ɗakunanmu

Sallah ta matso, an fara shara da shafe a gidajen unguwar nan. Nan da 'yan kwanaki motocin Potiskum za su fara dawowa Damagum shaƙe da kayan ƙawata ɗaki: furen roba, fitilu masu ƙyaftawa, agogon bango mai ruwan zinare, da takardun liƙa wa bango waɗanda kan ɓamɓare kafin damina ta fita. Kowace shekara haka muke yi. Yau dai muna so mu faɗi wata magana da muka san ba za ta yi wa wasu daɗi ba. Mu da kanmu muke kashe sana'ar hannu ta iyayenmu mata, kuma da bakin ciniki muke kashe ta.

Kowa ya san yadda abin yake. Yarinya ta yi sallama da faya-fayai biyar a ka, uwarta ko kakarta ta aiko ta. Sai a ɗauki ɗaya a jujjuya, a taɓe baki, a ce, "Nawa?" Ta faɗi kuɗi. Sai ka ji an ce, "Haba ke kuwa, kaba ce fa! Je ki ce mata ta sallama rabi." Yarinya ta ce albarka, ta fita, ta zaga unguwa, rana ta dake ta, daga ƙarshe ta dawo ta sallama, don an ce mata kada ta koma gida ba kuɗin cefane. Wannan mai tayin rabi kuwa, gobe idan ta shiga shagon kayan roba aka ce mata ga kuɗin fure, ko tari ba za ta yi ba, sai dai ta ce a sa mata a leda. To don Allah wace irin rayuwa ce wannan? Na gida bai ƙoshi ba, mun kwashi tuwo mun kai wa na dawa.

Mai cewa "kaba ce fa" bai taɓa zama ya ga yadda ake yin faifai ba. Kabar nan daga goruba take, sai an shiga daji an yanko ta, an shanya, an tsaga. Dajin da ake samunta kusa da gari gonaki sun cinye shi, shi ya sa yanzu da yawa sai an sayo wadda ake kawowa daga arewa, wajajen Gashuwa da Nguru. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 kuɗin mota ya tashi, kabar ma ta bi shi. Bayan nan ga rini. Masu yi irin na da suna dafa karan dafi su sami ja, sauran launuka kuma a sayi garin rini a kasuwa. Sannan a zauna da basilla ana nadi ana ɗinki, zagaye bayan zagaye, ana ƙirga inda baƙi zai shiga da inda ja zai fita, ba takarda ba awo, duk a ka. Mace tana yin wannan ne tsakanin girki da wanki da raino. Faifai mai kyau yakan ci kwanaki. Idan aka cire kuɗin kaba da na rini daga abin da muke biya, aka raba saura a kan kwanakin, wallahi ba namijin da zai yarda ya yi yini ɗaya a kan wannan lada.

Kuma su wa ke wannan aiki? Yawancinsu tsofaffi ne da zawarawa, da matan da mazansu suka rasu suka bar musu marayu, har da waɗanda shekarun tashin hankali suka raba da garuruwansu suka zo muka zauna tare. Mace mai zaman aure da ba ta fita kasuwa, wannan ita ce gonarta, ita ce shagonta. Da ita ake zubin adashi, da ita ake tara kayan ɗakin 'ya. Ranar da muka danne kuɗin faifai, abin da muka danne shi ne sabulun wani gida da kuɗin makarantar wani yaro. Gobe kuma mu ne za mu zauna a majalisa muna kukan talla ta yi wa 'yan mata yawa.

Mu tuna fa mu su wane ne a garin nan. Iyayenmu da kakanninmu sun zo ne daga ƙasar Kano da Katsina da Haɗeja da Katagum da sauran wurare, suka sauka a kan wannan hanya da ta taso daga Kano ta nufi Maiduguri. Ba su zo da gona a ka ba. Da fatauci suka zo, da sana'ar hannu. Ɗakin Bahaushiya a da, kana ɗaga asabari ka san inda ka shigo: daɓe ya sha makuba yana sheƙi, ƙore a ragaya, faya-fayai jere a bango, tabarma mai launi a shimfiɗe, tumtum na fata a gefe, kwanon maigida an rufe shi da tuma-ƙasa. Kalmar lefe ma da muke ta faɗa a kanta, asalinta sunan kwandon kaba ne da ake zuba kayan amarya a ciki. Yau an bar mana sunan, kwandon ya zama akwatunan waje saiti-saiti. Yaro idan ya sauke Alƙur'ani, allo ake yi masa zayyana da hannu, a zaga da shi dangi, a rataye a ɗaki shekara da shekaru. Yanzu sai a buga hotonsa a leda a ɗaura a ƙofar gida, bayan sati guda awaki na wasa da ita.

Dubi maƙwabtanmu. Bafulatana har gobe tana jera ƙorenta masu zane, ba ta jin kunyarsu, da su take tinƙaho. Barebari sun riƙe ɗinkin hularsu har ta kai hular Bama ana nemanta a Legas da Abuja da tsada. Mu da ake yi wa kirari da marinar Ƙofar Mata, wadda ake cewa tun 1498 ake rini a cikinta, mu da kasuwar Kurmi ta zamanin Sarki Muhammadu Rumfa ta san dukawanmu, yau baƙo zai shiga ɗakuna goma a unguwar nan bai ga abu ɗaya da hannun ɗan unguwa ya yi ba. Wanda ke zaune nesa da tushensa ya fi kowa bukatar abin da zai nuna wa 'ya'yansa ya ce ga namu. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Mun san abin da za a ce. Za a ce zamani ne, kuma zamani riga ne. Za a ce ai kwalla da langa da iyayenmu suka yi jere da su su ma daga waje aka fara kawo su, su suka ture ƙwarya da tasa. Gaskiya ne. Amma a tambayi kowace tsohuwa me jeren kwalla yake a wurinta. Banki ne. Ranar da ciwo ya zo ko bikin 'ya ya taso, sai ta sauke saiti ɗaya ta ba dillaliya, kuɗi su fito. Tasar tagulla ta Bida har gado ake ci da ita. To wace dillaliya ce za ta karɓi furen roban da ya shekara yana shan ƙurar hunturu? Ranar da aka saye shi ranar kuɗinsa suka mutu. Idan ya koɗe a watsa shi a bola, ya tafi ya toshe kwata, ko a cinna masa wuta mu shaƙi hayaƙin. Tabarma kuwa ko ta tsufa ta yi shimfiɗar shanya, ta ƙare ta koma ƙasa.

Sannan ina kuɗin ke zuwa? Akwai wani gari a ƙasar Sin mai suna Yiwu, can ne babbar kasuwar irin waɗannan tarkace, daga can ake kai wa duniya yawancin kayan adon Kirsimeti, kuma su ne dai ke yin fitilun azumi da na Sallah. Su ba ruwansu da bikin wa ake yi, ciniki suke. Kayan su sauka a Legas, su hau Kano, su iso Potiskum, mu je mu ɗauko. A kowane zango da dala ake lissafi. Dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura naira 1,500 a 2024. Ke nan duk lokacin da naira ta faɗi, adon ɗakinmu ya ƙara tsada, ba mu da ta cewa. Kuɗin da aka ba mai saƙa a unguwa kuwa ba ya kwana bai shiga hannun mai kayan miya da mai niƙa da mai itace ba. Mun ga abin da ya sami masaƙun Kaduna. Masaƙar da aka buɗe a 1957 ta rufe a 2002, dubban magidanta suka rasa aiki, Kantin Kwari ya cika da atamfar Sin. Abin da ya ci manyan injuna, tsohuwa mai basilla ce zai ƙyale?

Wasu ƙasashe sun farga. A Masar akwai fitilar azumi da suke kira fanus, wadda maƙeransu ke yi da gwangwani da gilashi tun kaka da kakanni. Da ta roba daga Sin ta nemi kashe sana'ar, gwamnatinsu ta hana shigo da ita a 2015. A Bolgatanga da ke arewacin Ghana, kwandunan ciyawa da mata da maza ke saƙawa har Turai da Amurka ake kai su. Ruwanda ta sa kwandonta na gargajiya a tambarin ƙasa. A Yamai ana shirya baje kolin sana'o'in hannu na mata, a Wagadugu ma ana yin na Afirka baki ɗaya duk bayan shekara biyu. A nan gida, ciro naira ashirin ka juya bayanta. Matar da ke zaune tana ginin tukunya Ladi Kwali ce, wadda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa a 1977 saboda aikin hannunta. Muna yawo da hotonta a aljihu, muna raina masu irin aikinta a ƙofar gida.

Ba za mu rufe ido a kan laifin masu sana'ar ba, gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Iyayenmu, wani rinin yana zuba, ruwa na taɓa shi ya ɓata mayafi. Wata za a ba ta aikin biki ta ce Laraba, sai Larabar sama. Wata kuma zane ɗaya take yi tun tana amarya har ta yi jika. Amaryar yau tana son abin da zai dace da launin labulenta da kujerunta, kuma tana da gaskiya. A tambaye ta launin da take so. A yi ƙananan faya-fayai na bango, a yi kwandon ajiye turare da kayan kwalliya, a yi mafici mai sunan amarya. Amma mu ma mu sani, wanda aka biya rabin kuɗi rabin aiki zai yi. Mu muka koya musu gaggawa da ha'inci da irin tayinmu.

Maza kuma kada mu noƙe mu ce zancen mata ne. Wa ke ba da kuɗin kayan Sallah? Wa ke ciyo bashi don a cika ɗakin 'ya da abin da ba zai kai haihuwar fari ba? Ga kasuwar shanu ta Potiskum a gefenmu, tana cikin mafi girma a Afirka ta Yamma. Ga fatun layya da za mu tara nan ba da jimawa ba. Majemi da bagaruwarsa zai mayar da su kirgi da buzu, baduku ya yi tumtum da kayan doki na hawan Sallah. Mu kuwa sai mu sallamar da su a kan kuɗin goro, a kai Kano a jeme, a loda zuwa Italiya, su dawo mana a takalmin da ba ma iya saye. Samarinmu suna zaune a bakin titi suna latsa waya, a ce musu su koyi dukanci su ce aikin tsofaffi ne. Ba laifinsu ba ne su kaɗai. Sun ga yadda ubanninsu ke taya kayan baduku.

Ga abin da muke kira a yi, kuma ba sai an jira gwamnati ba. Na farko, a Sallar nan kowane gida ya sayi abu ɗaya aƙalla daga hannun mai yi a unguwa, faifai ne, tabarma ce, mafici ne, a biya kuɗin da ta faɗa. In za a yi tayi a yi na mutunci. Na biyu, iyayen amare su mayar da kayan hannu cikin jere, a ba da aikin tun da wata biyu. Masu rabon robobi da kalanda a wurin biki, a gwada raba mafici ko ƙaramin faifai, a ga wanda mutane za su riƙe. Na uku, malaman makarantun allo da na Islamiyya su dawo da allon zayyana a walimar sauka. Na huɗu, ƙungiyoyin mata da masu adashi su haɗa masu saƙa su tsayar da farashi ɗaya, su sayi kaba a dunƙule, don hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. 'Yan matanmu da suka iya waya su ɗauki hoton kayan su sa a WhatsApp da Facebook, Damaturu da Kano ba nisa. Na biyar, mai unguwa da dattawa su ware wuri a satin jajibere inda masu kayan hannu za su baje su a fili.

Tsofaffin da suka iya zanen nan mai wuya suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, kuma ba a rubuce yake ba. Duk wadda ta tafi ba ta koyar ba, ta tafi da shi kabari. Yarinya ba za ta zauna ta koyi abin da ta ga ana wulaƙanta kakarta a kansa ba. Idan ta ga ana biya, ba sai an roƙe ta ba.

Saboda haka idan yarinyar nan ta sake yin sallama da faya-fayai a ka, a shimfiɗa mata tabarma, a ba ta ruwa, a biya ta. Allah ya kai mu Sallah lafiya, ya sa wa sana'ar kowa albarka.